Ranar da Iyakar Gonata Ta Gangara

Ku matso kusa, 'yan uwa, ku ji abin da ya fitar da ni daga gida. Duk Unguwar Ya an san ni, Talatu mai ƙuli: in ba biki ko gaisuwar rasuwa ba, ƙafata ba ta wuce bakin rijiya. Ko kasuwar Birnin Kudu aike nake yi. Amma bazarar bana sai ga ni a gaban motar 'yan gwangwan masu kwasar tsohon ƙarfe, tukwanen gas suna ƙara a bayan ƙeyata, mun miƙi hanya har bayan Fagam.

Ga dalili. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mini gona a ƙauyenmu. Ƙanena Isa ke noma mini ita, daga nan gyaɗar ƙulina take fitowa. Iyakar gonar da ta maƙwabcinmu Malam Hudu ba itace ba ce, ba gamba ba ce. Katafila ce, irin mai daɓe titin nan, mai ƙatuwar gangar ƙarfe a gaba. Tun muna 'yan mata wani ɗan kwangila ya kawo ta zai yi mana hanya. Kuɗin suka ƙare, ko aka ƙarar da su, Allah masani. Hanya ba ta zo ba, katafila ba ta tafi ba. Da aka zo rabon gado, dattawa suka ce me ya fi wannan zama daram? Itace a sare shi, dutse a gusar da shi, wannan kuwa sai tashin ƙiyama. Aka ce iyaka katafila, aka shafa fatiha.

To ashe ƙiyamar katafila ta riga tamu. Ɗan kwangilar ya rasu, magadansa suka sayar da ita ga wani dillalin tsohon ƙarfe a Kano. Isa yana ci-rani a kudu. Matarsa Marka ta kira ni a waya ta ce: "Yaya, gobe za a zo yanka ta. Kuma Malam Hudu ya fara cewa shi a saninsa iyaka tsamiya ce." Tsamiyar nan kuwa tana can cikin cikin gonata. In ta zama iyaka, kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Kuma wa aka ɗauko ya yi yankan? Sule mai walda, taubashina, ɗan kawuna na jini.

Garejin Sule, Birnin Kudu

Ana sallame asuba na zura hijabi, na ƙulle ƙuli da ɗan galan na man gyaɗa na tsaraba, na hau acaɓa. Gari bai gama wayewa ba na iske su suna loda kaya a buɗaɗɗiyar motar nan da ake kira kanta.

"La'ilaha!" in ji Sule. "Yau kura ta fito da rana. Talatu, wa ya mutu?"

"Kai ne za ka mutu in ka taɓa mini iyaka."

"Ni ƙarfe aka ce in yanka, ba gona ba."

Tukwane iri biyu ne a bayan motar. Akwai gajeru irin na gas ɗin girki, akwai dogaye masu siririn wuya, na iskar da suke kira oksijin. Duk a tsaye suke, an ɗaure su da sarƙa a jikin mota, kowacce da hularta ta ƙarfe, kamar 'yan fursuna za a kai su kotu. Na miƙa hannu zan dafa wuyan wata doguwa in leƙa, sai Sule ya daka mini tsawar da ko mijina marigayi bai taɓa yi mini irinta ba.

"Sauke hannunki! Da me kika kwana jiya?"

"Da matsar mai, da me zan kwana?"

"To iskar nan ita da maiƙo ba sa ga maciji. Ɗigon mai a bakinta, a buɗe ta da ƙarfi, ba ashana ba komai, wuta ce. Ko notin bakinta ya cije ba ma ɗiga masa mai."

Ya sa na wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu kamar mai alwala, galan ɗina kuma aka kore shi gaban mota, ƙarƙashin ƙafata. Tun kafin a yi wa Sule kaciya nake soya ƙuli, yau aka sanar da ni cewa ni ce haɗari.

Direbanmu Bulus, mutumin Filato ne, amma Birnin Kudu ta cinye shi, Hausarsa ta fi ta Sule gishiri. Ya buɗe mini ƙofa ya ce, "Mama, dokar motar nan biyu ce: ba a shan taba, ba a yin fushi. Duka biyun tartsatsi ne." Ƙarti biyu masu lodi suka haye baya, muka tashi.

Hanyar Gwaram

Rana ta ɗan ɗaga muka iso shingen masu kaki. Ɗayansu ya zagaya motar yana kallon tukwanen.

"Aikin gyara za ku, ko aikin kwashewa?"

Sule ya miƙa masa takardar da magada suka sa wa hannu. Mutumin ya juya ta gaba da baya, ya ce kwanan nan a wani ƙauye an wayi gari famfon tuƙa-tuƙa babu hannu, wata gada kuma babu ƙarfen dafawa, sai addu'a. Sannan ya leƙo ya gan ni.

"Wannan fa?"

"Tsohon ƙarfe ce, ranka ya daɗe," in ji Sule. "Ba ta nauyi a sikeli, sai ƙara."

Na ba mai kakin ƙuli, na hana Sule. Da muka wuce Sule ya ce mini shi ba ya kunna wuta a kan ƙarfen da bai ga mai shi ba. "Ƙarfen da aka ce maka ba shi da mai shi, Talatu, taɓa shi ka gani. Ranar za ka san danginsa."

Hanya doguwa, ni kuma bakina ba ya zama. Na yi ta tambaya, shi kuma taubashi in ya samu abin da ya fi ka sani ai ba ya gajiya. Ya zaro mayen ƙarfe daga aljihu, na tsohuwar sifika, ɗaure da zare. Ya ce duk abin da ya ƙi mannewa a ware shi gefe, don jan ƙarfe da alminiyam su ne 'yan sarauta, wanda ya cuɗa su da baƙin ƙarfe ya sayar da nama a farashin ƙashi. Shi baƙin ƙarfen ma iri biyu ne. Akwai wanda wuta ke yankawa kamar wuƙa a kan sabulu, akwai wanda ake narkawa a zuba, su suna ce masa kas.

"Shi kas taurin kai gare shi irin naki. Ka sa masa wuta, sai ya yi ta tofar maka da yawu, ba zai yanku sumul ba. Guduma ce maganinsa."

"Yaya ake gane shi?"

"Ƙwanƙwasa. Ƙarfen kirki waƙa yake yi. Kas gurnani."

Na adana wannan magana a inda nake adana gishiri.

A Gwaram muka karya da waina da shayi, suka cika duro biyu da ruwa. Abin da ya ba ni mamaki, ko'ina ka waiga ga sikeli a bakin rumfa. Na ga wani dattijo ya kawo garmar shanu ana aunawa, alhali damina na bakin ƙofa. Na ce, "Baba, da me za ka yi huɗa?" Ya ce, "Ta maƙwabci." Bulus ya ce a hankali, "Allah ya sa maƙwabcin bai riga shi zuwa ba."

Fagam, da hanyar da ba a yi ba

Bayan Fagam muka sauka daga kwalta muka shiga tamu hanyar, wato wadda katafilar ta zo yi. Rami ya miƙa mu ga rami. Duk tsallen da motar ta yi sai Sule ya waiga ya dubi tukwanensa, ni ko sannu bai ce mini ba. Bulus ya ce, "Mama, da iyakarki ta yi aikinta, da yanzu mun isa."

Ana kiran azahar muka shiga gari, muka zarce ƙofar mai gari, don Sule ya ce ba ya sauke ko tiyo sai mai ƙasa ya sani. Nan na ga ikon Allah. Katafilar da ta shekara aru-aru ba mai ce mata sannu sai kaji da ƙadangaru, yau da aka ji za a ɗora ta a sikeli, ta yi dangi. Wani ya ce duk awakinsa a ƙarƙashinta aka haife su. Wani ya ce shi yake gadinta tun yana saurayi, ba a taɓa biyansa ba. 'Yan acaɓa suka ce in an ɗauke ta, fasinja ya ce a sauke shi a ina?

Malam Hudu kaɗai ne bai nemi komai ba. Shi da ko kara ba ya bari a tsinta a gonarsa, sai ga shi da ƙwaryar fura har da nono ya dire gaban ma'aikata.

"Ku sha, bayin Allah. Abin nan ya daɗe yana tara mana macizai." Ya juyo gare ni yana murmushi. "Yaya Talatu, kin sha hanya a banza. Ai iyaka a zuciya take, ba a ƙarfe ba."

"Zuciyar wa, Malam?"

Na dubi mai gari. Ya shafa gemu ya ce, "Ni abin da na gada shi ne, iyaka katafila. In babu katafila kuma, sai a zauna."

Ku da kuka san maganar gona kun san ma'anar a zauna. A zauna har jikoki su gaji tabarmar.

A ɗakin Marka na sauka. Ta yi mini tuwon dawa da miyar kuka wadda ta ji daddawa, amma loma uku na yi na tsame hannu.

Ranar yanka

Da hantsi gari duka ya taru a bakin gona. Gonata tana kan tudu, ta Malam Hudu ta gangara zuwa kwari, katafila a tsakani, ta nutse a ƙasa har gwiwa. Kafin a fara na tsinci dutse na zagaya ta ina ƙwanƙwasawa kamar mai sayen tukunya. Jikinta duk waƙa. Da na zo gangar gaba, sai ta yi mini gurnani. Na yi shiru da bakina, abin da ban saba ba.

Ni na ɗauka daga zuwa sai wuta. Ina! Sule ya sa aka share busasshiyar ciyawa da kara fili guda, aka jiƙa ƙasa, aka jera bokitan ruwa. Tukwanen aka kai su nesa, inuwar tsamiyata, aka ɗaure a tsaye. Ya kori masu silifas da masu rigar leda baya, ya ce tartsatsi in ya sauka a kan auduga mutuwa yake yi, in ya sauka a kan leda aure yake ɗaurawa da fata. Ya kuma hana kowa tsayawa ta ɓangaren gangare. Sannan ya ɗauki sifana ya kama kwance tankin mai.

"Malam Sule, ɓata lokaci ne," in ji Malam Hudu. "Tankin nan ya bushe tun kafin a haifi ɗana na fari. Sa masa wuta kawai."

"Malam, tankin da ya taɓa shan mai ba ya mantawa. Ba man ke kisa ba, warinsa ne."

Suka sauke shi, suka ɗura masa ruwa har ya tumbatsa, aka ajiye shi can gefe. Wani ƙaton damo ya fito daga ƙarƙashin kujerar direba ya ranta a na kare, mai gadin nan da ba a biya ba ya riga shi gudu.

Aka ja tiyo biyu, ja da baƙi. Sule ya zura takalmin fata da safar hannu, ya ɗora baƙin tabarau, ya buɗe tukwane. Jama'a na ta surutu. Ni kuwa kunnena ya kama wani abu, siririn sauti kamar lokacin da ƙuli ya fara shiga mai.

"Sule, wani abu na tsaki."

"Kunnen gulmarki ne."

"Na ce maka wani abu na tsaki a wajen jan tiyon nan."

Ya harare ni, amma ya ajiye abin kunnawar. Ya kaɗa sabulu a ruwa ya bi duk mahaɗa yana shafawa. A gindin jan tiyo sai ga kumfa tana tasowa, tana kumbura kamar ƙwai. Ya rufe tukwane. Wani ya miƙo robar taya a ɗaure wurin, Sule ya ce ba keke ba ne. Ya datse inda ya tsage, ya sake sakawa ya matse da zoben ƙarfe, ya sake shafa sabulu har ya ga shiru.

"Yau gulma ta yi rana," ya ce, bai kalle ni ba.

Sai ya kunna. Gas ɗin ya fara saki kaɗan, ya ƙyasta, wuta ta fito ja tana lilo. Ya ƙara mata iska a hankali har ta tsuke ta koma shuɗiya, siririya, tana huci. Ya ɗora a gefen ƙarfe ya jira wurin ya yi ja kamar gauta ta nuna, sannan ya danna, tartsatsi ya zubo ƙasa kamar ana sheƙar gero. Daga sama ya fara. Kowane yanki sai ya tsaya ya duba ina zai faɗi, ya juya wa iska baya don kada hayaƙin tsohon fenti ya shige masa hanci. Ƙartin nan suna ja da ƙugiya suna watsa ruwa, don ƙarfen da ya daina ja bai daina ƙuna ba.

Ina zaune ina kallo ana loda iyakar gonata a mota yanki-yanki. Rumfar direba ta tafi, inji ya tafi, ƙafafun baya suka tafi. Duk abin da aka ɗora, murmushin Malam Hudu sai ya ƙara faɗi.

Bayan la'asar saura ganga. Sule ya sa mata wuta, ta tofa masa yawu. Ƙartin suka sa guduma, guduma ta dawo musu. Kas ce mai kauri, cikinta kuma cike da kankare. Na matsa kusa da shi na rage murya.

"Ɗan kawu, bar mini ita. Don zumunci."

"Talatu, ba tawa ba ce. Mutumin Kano da nauyi ya saya, ita ce kuma rabin nauyin."

Aka yanke shawarar a jawo ta daga raminta da mota, a mirgina ta kan katako a loda. Sarƙarsu tana ɗaure da kaya, sai Malam Hudu ya ruga gida da kansa ya kawo ta amalankensa. Sule ya duba ta ya yatsina fuska, ya ce a ɗaura amma kada a ja sai an kawo duwatsun da za a tokare gangar ta baya. Ƙartin suka tafi neman duwatsu. Malam Hudu ya dubi rana, ya dubi ganga, haƙuri ya ƙare masa. Ya ɗaga hannun babbar riga yana kaɗawa.

"Direba, ja! Magariba na zuwa! Ja!"

Bulus ya hango hannu a madubi, ya ɗauka umarnin Sule ne. Mota ta yi nishi, ganga ta taso daga ramin da ta kwanta tun ina budurwa, ta hau baki. Sarƙa ta ce ƙas, ta tsinke.

Wallahi sai da ta ɗan tsaya, kamar baƙuwa mai tunanin gidan da za ta sauka. Sannan ta zaɓi gangare. Ta bi ta kan tarin takin Malam Hudu ta daɓe shi, ta bi ta kan bukkarsa ta mai da ita tabarma, ta yi ta tafiya abinta. Aikin da ta ƙi yi wa gwamnati, ranar ta yi wa Malam Hudu kyauta. Ba ta tsaya ba sai can ƙarshen gonarsa, ta lume a yashin kwari. Allah ya kiyaye, ba kowa a gabanta, albarkacin korar da Sule ya yi da safe.

Can wani tsoho ya yi gyaran murya ya ce, "To. Dattawa dai sun ce iyaka katafila."

Wata mata daga baya ta ce, "Ashe gonar Talatu ta yi ƙiba."

Ban taɓa ganin mai furfura ya yi tsalle irin na Malam Hudu ba. Sai ga shi tsulum cikin ramin da gangar ta bari, yana dukan ƙasa da ƙafa.

"Nan! Nan ne iyaka! Ku shaida, jama'a! Tun ina yaro a nan take! Ga rami, ga tsatsa!"

"Tsamiya fa, Malam Hudu?" in ji mai gari.

"Tsamiya ta kunu ce, ranka ya daɗe!"

"Jiya na ji ka ce a zuciya take."

"Zuciya juyawa take yi! Rami ba ya juyawa!"

Mai gari ya juyo gare ni. "Talatu, me kika ce?"

Ba zan ɓoye muku ba, na dubi filin nan tun daga rami har kwari, na ga buhunan gyaɗa suna yi mini murmushi. Amma abin da ubana ya bari na zo nema, ga shi kuma mai ja da ni ya rantse a kansa a gaban gari duka, yana tsaye a ciki har gwiwa. Na ce na yarda da ramin.

Sule ya ce bari ya yanko mini guntun ƙarfe a kafa a wurin. Na ce, "Rufa mini asiri. Ƙarfe yanzu ƙafa gare shi." Aka cika ramin da duwatsun da ƙartin suka kawo a makare, Marka ta saro rassan bini-da-zugu muka jera, abin da akuya ba ta ci, ɗan gwangwan ba ya aunawa. Malam Hudu da hannunsa ya zuba musu ruwa. Aka shafa fatiha.

Komowa

Washegari da sassafe muka kamo hanya, mota ta yi nauyi tana tafiya kamar mai ciki. A waya mutumin Kano ya ce kuɗin motar da za ta ɗaga gangar ya fi gangar, a bari sai bayan damina. Bai ce wace damina ba. Mai kakin nan ya sake tare mu, ya duba lodi, ya dube ni, ya ce, "Ashe ba a saye ta ba." Sule ya ce, "An taya, mai saye ya ji ƙarar ya fasa."

Kafin azahar ina tsakar gidana, ƙafa a kumbure, ƙugu kamar ba nawa ba. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu da yatsunmu cif. Na gode wa Marka da tuwonta, da Bulus da madubinsa, da mai gari. Sule ma na gode masa, na aika masa da ƙuli, amma na ce a miƙa masa nesa da tukwanensa. Jiya Marka ta kira ni ta ce bini-da-zugu ya yi toho, Malam Hudu kuma yana can yana huɗa yana kewaya ganga, kaji har sun fara ƙwai a gindinta.

To ni dai tawa ta tsaya. Kai da ke karanta wannan kana dariya, me ke tsaye a kan iyakar gonarku, kuma ka tabbata ba a riga an yi masa kuɗi a sikeli ba?